Fuskar Mai Takaba a Bango

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta matasan Gumel ta samu majigi a bana, tare da malamin da zai koya musu aiki da shi. Malam Abdulbaqi daga Kano ya zo, kuma tun ranar farko ya ce ba sinima za su nuna ba. Hoton da za a haska a bayan 'yan wasa shi ne ɗakinsu, shi ne gonarsu, wani lokaci shi ne abin da suke tunawa. Ya ƙara da cewa mutum ɗaya zai zaɓa ya tafi da aikinsa bikin wasanni a Kano. Biyu ne suka yi fice a cikin masu koyon: Zaharaddini, mai ɗaukar bidiyon biki, da Adawiyya, malamar firamare.

Wasan labarin wata masaƙiyar tabarma ne, kuma Adawiyya aka ba tsara hoton fitowar ƙarshe. Tana son a ga hannu yana saƙar kaba, ya cika bango. A gidansu babu wadda ta kai Safara'u, matar yayanta Haladu, iya saƙa. Sai dai Haladu bai daɗe da rasuwa ba a hatsarin mota a hanyar Maigatari, Safara'u kuwa tana takaba: ba ta fita, ba ta kwalliya, ko gaisuwa a sunkuye take amsawa.

Da farko ta ƙi. Adawiyya ta yi ta lallashi har ta yarda, bisa sharaɗi ɗaya.

"Hannu kawai. In fuskata ta fito, kin kashe ni a gidan nan."

Adawiyya ta rantse. Ta jingina waya a jikin turmi ta fara ɗauka. Tsakanin matar wa da ƙanwar miji akwai wasa, kuma su biyun sun saba da shi tun ranar da aka kawo Safara'u daga Ɗanzomo. Adawiyya ta ce wannan hannu ko maƙeri ya gani sai ya sara masa, ba ta san yadda yayanta ya jure ba. Dariya ta ƙwace wa Safara'u, har ta jefa kai baya, wushiryarta a fili. Nan take ta toshe baki da mayafi ta ce Allah ya shirye ki. Hannunta bai daina saƙa ba.

A wajen gwaji, da Adawiyya ta yanke hoton a kwamfuta don ya rage hannu kaɗai, sai ya dushe, zaren kaba ya ɓace. Malam Abdulbaqi ya taɓa nuna musu dabarar masu ƙaramin ƙarfi: a tare wani sashe na hasken da baƙin kwali a bakin majigi. Haka ta yi. Ta bar bidiyon yadda yake, ta liƙa kwali ya rufe daga kafaɗa zuwa sama. Zaharaddini ne ya riƙe mata salatif. Ya ga dukan hoton, ya tambaya ko wace ce, ta faɗa masa.

An yi wasan bayan la'asar a zauren taron wata makaranta, an rufe tagogi da barguna. Ƙa'idar Malam ita ce mai tsara hoto ba ya taɓa na'ura ranar wasa. Cikin 'yan kallo yake zama ya ga aikinsa da idon mutane. Don haka Zaharaddini ne a kan majigi. A layin gaba akwai Baffa Ɗantsoho, ƙanin mahaifin Adawiyya, wanda shi ne babba a gidan kuma shi ya ba ta izinin shiga horon. Ya zo da abokansa biyu na kasuwar hatsi.

Fitowar ƙarshe ta zo. Hannu ya bayyana, da kafaɗa, da mayafi, da fuska mai faɗin ƙofar shago. Mutane sun gane ta kafin ta motsa. Sai ta yi dariyar, babu sauti, kuma saboda an saita hoton ya riƙa maimaituwa har ƙarshen fitowar, ta yi ta yi. 'Yar wasan da ke gaba tana kukan mutuwar miji, kamar yadda aka rubuta mata. Wayoyi suka tashi sama. Baffa Ɗantsoho ya ɗauki sandarsa ya fita ta tsakiyar zauren, inuwarsa ta ratsa fuskar.

Zaharaddini ya ce kwalin ya fara ƙauri ne saboda zafin fitila, ya cire don kada ya kama da wuta. Da Adawiyya ta nemi ganin kwalin, ya ce ya jefar.

Kafin isha'i hoton ya gama zaga unguwa, da rubutu a ƙasa: ta huta. Mai takaba ba ta barin ɗakin miji sai ta gama, don haka ba a kori Safara'u ba. Uwar Haladu ta kwashe 'ya'yan Safara'u zuwa nata ɗakin. Matan da ke shigowa taya ta zama suka daina. Akushi a bakin ƙofa ake ajiye mata.

Malam Abdulbaqi ya kira masu koyon don sanar da zaɓinsa. Ya ce a shekarun da ya yi yana koyarwa bai ga hoto irin wannan ba: mace tana kuka a ƙasa, wata tana dariya a samanta. Adawiyya ya zaɓa. Zaharaddini ya tafa tare da kowa, a hankali. Adawiyya ta tsaya bayan an watse ta yi wa Malam bayani, ya saurara har ƙarshe.

"Na ji, Malama. Amma in kin rufe fuskar, tallar tabarma kika kawo mini. A Kano babu wanda ya san matar."

Ta ce za ta yi tunani. Ya ce Laraba za su tashi, kuma ya riga ya kwafi bidiyon.

Ranar Talata ta shiga ɗakin Safara'u, karo na farko tun bayan wasan. Kabar tana jingine a lungu, ta bushe. Safara'u ba ta yi faɗa ba. Ta ce duk garin an gani sai ita, a nuna mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu ta kalla sau ɗaya, ta tambaya ko da gaske girman bango ta kai. Adawiyya ta ce ta kai.

"Goge shi a gabana."

Adawiyya ta goge, ta nuna mata wurin babu komai. Safara'u ta ce to Allah ya rufa asiri, ta tambaya ko yaran sun ci abinci.

Da safe Baffa Ɗantsoho bai amsa gaisuwar Adawiyya ba, bai kuma hana ta fita ba. Ta tari keke zuwa tasha. Malam Abdulbaqi ya riga ya kama mata kujerar taga, ya ce ta rungume majigin a cinya, hanya akwai ramuka.