Masu Gadin Baffa Mustapha

Akwati biyu, littattafai goma sha ɗaya, rigar sanyi da ta gama aiki, man zafi na gwiwar Baffa, da takardar digiri. Da su adaidaita sahu ya shigo da ni ta Ƙofar Ruwa ya nufi Madabo, bayan shekara shida a Ingila ina karatun tarihi. Abu ɗaya na dawo nema: ɗakin marigayi mahaifina, in zauna a cikinsa in yi rubutu.

A soron gidanmu na tarar da ƙarti bakwai a kan tabarmar kakana, suna cin shinkafa a kwanonmu. Ba wanda ya janye ƙafa. Na tsallake.

"Masu gadi ne," in ji Baffa Mustapha, ƙanin mahaifina, bayan mun gaisa. "Ɓarayi suka dame mu bara, na kira Garba da abokansa biyu."

"Bakwai na gani, Baffa."

"'Yan'uwansa ne suka zo gaishe shi."

"Yaushe?"

"Tun azumi."

"Yaushe za su tafi?"

Ya dube ni kamar na yi ashar. "Bahijja! A gidan nan ake tambayar baƙo ranar tafiya? Kakanki ya sauki fatake wata shida, bai taɓa tambaya ba."

"Fatake suna da raƙuma da ke jiransu."

Sai na ba shi abin da na karanto. Da Rumawa suka janye daga Birtaniya, mahara daga arewa suka addabi mutanen ƙasar. Wani sarkinsu, in ji masu labarin, ya kira mayaƙan Sakson daga ƙetaren teku su tsare shi. Jirgi uku suka zo da shi. Aka ba su abinci da masauki, suka aika gida cewa wurin da daɗi. A ƙarshe masu ƙasa ne suka koma kan duwatsu, har harshensu ya zama baƙo.

Baffa ya shafa gwiwa. "Waɗancan ba su san kunya ba. Shekara shida, tatsuniya kika samo?"

Aka yi sallama. Garba ne, ya shigo har tsakar gida, inda ko maƙwabta ba sa shiga, yana sakace.

"Alhaji, jibi mai ɗakina za ta iso. Ɗakin da ka ce, a share mana." Ya nuna ƙofar mahaifina da tsinken. "Hajiyar Turai, sannu da zuwa. Ina tsarabarmu?"

Baffa ya sunkuyar da kai. "Na riga na yi alƙawari, 'yata. Bakin dattijo ba ya dawowa."

Na ja akwatunana ciki, na rufe ƙofa, na danna sakata.

"Baffa," na ce ta bayan ƙyaure, "nan zan zauna. Ka share musu naka."