Darakta a Kan Babur

Shekarata goma sha ɗaya ina lauya a ofishin Pak Hartoyo a Jakarta, kuma shari'ar haraji kawai muke yi. (A nan Pak ake ce wa namiji don girmamawa, mace Bu, yaya kuma Bang.) Aiki ne na takarda. Ba gawa, ba wuƙa, ba mai kuka a kotu. Sai da shari'ar Pak Suwandi ta zo hannuna na san takarda ma tana hana mutum cin abinci.

Jatan lande yake fitarwa Japan. Hukumar haraji ta ƙi yarda da rasitan wasu kamfanoni uku da ya ce a wurinsu yake sayen kaya, muka kai ƙara kotun haraji. Ni na jera rasitan, na sa musu lamba, na sa hannu, na miƙa wa alƙalai. A zama na huɗu shugaban alƙalan ya ce a kawo masa wasiƙa daga daraktan ko da ɗaya daga cikin kamfanonin. Pak Suwandi ya ce zai aiko. Kwana tara shiru. Da na ga zama ya matso, sai na kwafi adireshin da ke kan rasit na tafi unguwar Cilincing da kaina.

Lambar gidan a jikin rumfar taliya na same ta. Na tambayi matar da ke juya tukunya ina ofishin kamfanin.

"Kamfani? Bu, ga shi nan yana tafasa."

Na karanta mata sunan daraktan, Ujang Sobari. Ta yi dariya har ta ajiye ludayi, ta ƙwala wa wani ɗan acaba kira a bakin lungu. "Bang Ujang, zo ka ga baƙuwa. Ashe darakta ne ke ƙarar mana da barkono ba mu sani ba."

Ya zo da silifas, hular kwano a hannu. Ya ce shekara uku da suka wuce wani mutum ya zo tasharsu, ya ɗauki hoton katin shaidarsu, suka sa hannu a farar takarda, aka ba kowa kuɗin mai. Yana cikin bayani ya dubi jakata, murmushinsa ya ɗauke.

"Bu, kama ni za a yi?"

Na ce ni lauya ce kawai.

"To kar ki ce kin gan ni. Dadang abokina shi ma ya sa hannu, bara wasiƙar haraji ta zo masa, ya je masana'antar jatan lande don ya yi tambaya. A hanyar dawowa mota ta bi ta kansa. Ƙafa ɗaya gare shi yanzu, kuma ko gaisuwa ba ya yi da mu."

Na tari tasi na koma ofis.

Pak Hartoyo ya saurare ni, ya tashi ya rufe ƙofa. Shekararsa sittin da shida, ban taɓa ganin ya rufe ƙofar nan ba.

"Yusniar, wa ya san kin je?"

"Ba kowa, Pak."

Ban rufe baki ba wayata ta yi ƙara. Pak Suwandi ne, yana gayyatata cin abincin rana gobe. Ni kaɗai.

Ya zaɓi wani gidan kifi, ɗaki na ciki. Da hannunsa ya cire min ƙaya ya zuba min shinkafa.

"Cilincing akwai zafi, ko? Da kin faɗa min ai da na ba ki direba." Ya turo min ambulan. "Ga wasiƙar da alƙali ke so. Daraktan ya sa hannu da safen nan."

Na buɗe. Sunan Ujang ne a ƙasa, rubutun a karkace, har biro ya huda takardar.

"Ci mana, Bu. Ya Nilam? Har yanzu biyu da rabi suke tashi? Titin makarantarsu babura sun yi yawa, ni ko jikata ba zan bari ta tsallaka ita kaɗai ba."

Ban taɓa gaya masa ina da 'ya ba.

Na haɗiye loma biyu na tashi. Daga nan makarantar na wuce, na ɗauke ta a tsakiyar darasi, na ce kakarta ba lafiya. Washegari ƙanena ya hau jirgi da ita zuwa Padang, wurin mahaifiyata. Tana ta murna za ta huta da lissafi.

Ranar Laraba Pak Hartoyo ya ajiye wasiƙar a tebur tsakaninmu.

"Waɗanda kika miƙa a baya ba ki sani ba. Wannan kin sani. In kika miƙa ta, lasisinki ya tafi, kuma kurkuku na jiranki."

"In ban miƙa ba fa, Pak?"

Ya daɗe yana goge tabarau. "Ban sani ba, 'yata. Amma tare za mu shiga."

Alhamis da hantsi muka zauna a gaban alƙalai uku. Pak Suwandi bai zo ba. A bencin baya akwai wani mai koriyar riga da ban sani ba, ba takarda a hannunsa, ba jaka, ya harɗe hannu yana kallon ƙeyata. Ina jin idonsa kamar an ɗora min dutsen guga.

Shugaban alƙalan ya ce, "Lauyar mai ƙara, ina wasiƙar?"

Na miƙe.

"Ya mai shari'a, ba mu da wasiƙar da za mu miƙa. Kuma daga yau ofishinmu ya janye daga wakiltar mai ƙara."

Lauyoyin hukumar haraji suka dubi juna. Alƙalin ya tambayi dalili. Pak Hartoyo ya tashi a hankali ya ce dalili ne da aikinmu bai ba mu damar faɗa ba. Alƙalin ya kalle ni, ya kalle shi, ya sunkuya yana rubutu. Rubutun ya yi tsawo. Da na waiwaya, mai koriyar riga ya fita.

Ba mu bi ta babbar ƙofa ba. Wani magatakarda ya fitar da mu ta wurin da ake shigo da takardu, muka tari tasi. A cikin motar Pak Hartoyo ya kunna sigari.

Pak Suwandi ya ɗauki wasu lauyoyin, ya faɗi shari'ar. Bayan wata biyar masu bincike suka kira ni, na je na faɗi abin da doka ta yarda in faɗa. An gurfanar da shi, amma yana waje a kan beli. Na bar gidana na kama ɗaki a hawa na sha huɗu, inda mai gadi ke karɓar katin shaidar duk wanda zai hau. Ba wanda ya taɓa ni har yau. Sau biyu dai an kira wayar ofis aka tambaye ni da suna, da na ɗauka aka yi shiru.

Nilam ta shiga makaranta a Padang. Jiya ta kira ta ce kakarta ta warke tun tuni, yaushe za ta dawo.

Na ce sai an gama jarrabawa.