Kwanon Gidan Zugu

A gindin dalbejiyar ƙofar shagonsa da ke Gummi Alhaji Lirwanu ya ƙulla magana da Mamuda birkila, ni aka kira shaida. Alhaji yana da kango a bayan gari, ɗaki biyu na bulo da suka kai linta suka tsaya tun shekarar da kasuwa ta mutu, siminti ya gagari kowa. Shi kuwa Mamuda yana da bandir biyu na kwano a kan gidansa na Zugu, gidan da ya gudo ya bari lokacin da 'yan bindiga suka matsa wa garin. Aka shirya Mamuda ya ciro kwanonsa ya rufe kangon, ya zauna damina biyu ba haya. Bayan nan ko ya biya kamar kowa, ko ya cire kayansa.

"Ni da bango, kai da rufi," in ji Alhaji yana dariya. "In aka haɗa mu, an samu mai gida guda."

Mamuda bai yi dariya ba, hankalinsa na Anka. Wata goma sha huɗu ke nan matarsa Iyatu da 'ya'yansu mata biyu suna raɓe a gidan wanta a can, shi kuma yana kwana a zaure da leburori biyar. Aikin yini bai wuce ya saya masa tiyar gero da ɗan cefane ba, ɗaki kuwa a Gummi ya zama zinariya, don ƙauyuka duk sun kwararo cikin gari.

Da ya gaya wa Iyatu a waya, ba ta yi murnar da ya zata ba. Ta tuna masa gidan Zugu na ƙasa ne, hannunsa ya gina shi, ya fi kowa sanin abin da ruwa ke yi wa katangar da ba rufi.

"Malam, muddin kwanon ga na bisa, muna da gida," ta ce.

Ya ce gidan da ɓeraye ke kwana, matar gidan tana jiran a zuba mata tuwo a gidan wanta, wane irin gida ne? Ranar kasuwa ya bi ayarin babura ya tafi, ya ɓamɓare kwanon falle-falle, ya haɗa da ƙyauren ɗakinta, ya dawo kafin la'asar.

Tsofaffin hujojin ƙusa ba su dace da sabon katako ba, sai da ya toshe su da tsumma da kwalta. Ranar da Iyatu ta iso ba ta duba bango ba, sama ta ɗaga kai. Ta nuna wa yaran fallen da hayaƙin girkinta ya baƙanta, da wanda reshen mangwaro ya lotsa shekarar da aka haifi 'yarsu Zinatu. In ruwa ya sauko da rana takan ajiye aiki ta zauna a tsakar ɗaki. Ta ce ƙarar ba ta sake ba, in ta rufe ido har tana jin awakinta suna turereniya a bakin ƙofa.

Mamuda mutum ne da ba ya iya zama gaban bango tsirara. Da ragowar simintin da yake roƙa a wurin aiki ya yi filasta, ya daɓe ƙasa, ya haƙa salga. Iyatu ta dasa zogale. Na taɓa ce masa ya sassauta hannu, gidan wani ne, kyansa ba shi zai amfana ba. Ya ce ya sani, amma hannun ba ya jin magana.

A damina ta biyu gari ya motsa. Rediyo na ta faɗin tattalin arziki ya farfaɗo, kuma gaskiya gine-gine sun tashi, Mamuda ba ya fashin aiki. Sai dai ladan ya ƙi tashi. Kowace safiya mutum talatin na tsaye a bakin tasha da cebur, duk manoman da suka bar gonakinsu, wanda ya ƙi farashi na bayansa zai karɓa. Haya ce kawai ta ji maganar rediyon.

Da kaka ta yi, Alhaji ya zo da kansa. Ba mugu ba ne, har da goro ya zo. Ya ce wani ɗan kasuwar shinkafa ya ga gidan ya yaba, zai biya shekara a dunƙule, amma Mamuda ya fi kusa in zai iya. Ya faɗi kuɗin. Mamuda ya ce ko ya daina ci wata biyar ba zai haɗa su ba, zai kwashe kwanonsa ya koma gida, tunda an ce hanya ta ɗan lafa.

Ya je Zugu ya dawo a rana ɗaya. Iyatu na bakin ƙofa tana tsince wake.

"Ya gida?" ta ce.

"Duwatsun murhunki suna nan."

Ba ta ƙara tambaya ba. Daga baya ya gaya mini katanga ta narke ta koma iya gwiwa, tafasa ta cika ɗakunan. Gidan maƙwabcinsa da aka bar wa rufi yana nan tsaye.

Kwanon da aka kafa sau biyu, in an sake cire shi rariya ne, kuma ba bangon da zai ɗora shi. Alhaji ya saye shi a inda yake, da ɗan abin da ya ɗara farashin 'yan gwangwan. Ya nemi ƙyauren ma, Iyatu ta hana. Ita ta tsaya sai da aka ɗaure shi a bisan motar Anka, ta shiga da yaranta.

To, Alhaji Lirwanu ya samu gida rufaffe da filasta da salga da ɗan haya mai biya. Ɗan shinkafa ya samu zogale. Mamuda ya koma zaure, yanzu su bakwai ne, yana gina wa mutane ɗakuna tun safe har yamma. Iyatu ta samu damina biyu da mijinta, ta rasa gida biyu. Ƙyauren yana jingine a bayan ɗakin wanta a Anka, an ce duk ranar da hadari ya haɗo takan fita ta lulluɓe shi da buhu.