Wayar Rilwanu a Hawa na Huɗu

Bayan rasuwar Rilwanu a haɗarin motar haya a hanyar Kubwa, Mashkura aka danƙa wa aikinsa. Kamfanin inshora ne mai bene hawa huɗu a Utako, kuma shi Rilwanu ne ya haɗa masa waifai tun daga tushe. Akwatunan da ke maƙale a silin suna raba intanet ɗaki ɗaki, duk na'ura guda ce ke juya su, wadda suke kira kwantirola. Daga allonta ana ganin taswirar ginin, kowace wayar da ta hau tana fitowa kamar ɗigon kore da sunanta a gefe.

Rilwanu bai sa wa akwatunan lamba ba. Sunayen kifi ya raɗa musu, don a kasuwar kifi ta Kado ya taso: Tarwaɗa, Karfasa, Ragon Ruwa. Duk sanda Mashkura ta buɗe allon sai ta ji kamar yana tsaye a bayanta yana dariya.

Wata Talata bayan la'asar ta ga ɗigo a hawa na huɗu, an rubuta "Wayar Rilwanu". Wannan hawan kuwa an kwashe ma'aikatansa ana gyara. Ɗigon ya ɗan tsaya a ƙarƙashin Karfasa, ya matsa zuwa Tarwaɗa, kamar mai zagayen duba aiki, sannan ya ɓace. Washegari ma ya dawo.

Ta faɗa wa shugabanta, Oga Michael. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Tsohon bayani ne ya maƙale. Ki goge shi, ki canza faswod, kalmar sirrin shiga, na kowa. Dama aikin da ya kamata ki fara ke nan."

Ta amsa da to, amma hannunta ya kasa. Sama da mako tana kallon ɗigon yana zuwa yana tafiya.

Ranar Alhamis da ya sake bayyana, ta yi bisimilla ta hau matakala. Ƙamshin fenti ya cika wurin, kujeru duk a lulluɓe da leda. A bakin tsohon ofishin Rilwanu ta tarar da wani dattijo zaune a kan bokitin fenti, riƙe da waya mai fasasshen gilashi.

"Sannu, Baba. Wa kake nema?"

"Ni ne Zakariyya, mahaifin Rilwanu. Mai gadi ya ce a nan yake zama. So nake kawai in ga wurin."

Mashkura ta sauke numfashi. Ta durƙusa ta yi masa ta'aziyya, ta ce, "Ashe kai ne kake zuwa kullum, Baba. Wallahi ka tsorata ni."

Dattijon ya dube ta. "Kullum kuma, 'yata? Ni yau na fara taka ginin nan. Wayar ma tana hannun 'yan sanda tun ranar haɗarin, a kashe. Jiya suka ba ni, da safen nan ƙanwarsa ta yi mata caji."

Ta raka shi har bakin titi, ta tare masa tasi, ya yi ta sa mata albarka.

Da ta koma kujerarta, ta daɗe tana neman bayanin da zai gamsar da ita. Na'ura takan riƙe tsohon suna, wannan ta sani. Amma tsohon suna ba ya tashi daga ɗaki zuwa ɗaki.

Ta karanta wa Rilwanu Ƙulhuwallahu, ta goge wayar daga kwantirola, ta canza faswod ɗin ginin gaba ɗaya. Ɗigon bai ƙara fitowa ba. Da aka gama gyara aka ce ta koma ofishin Rilwanu da ke sama, sai ta roƙi Oga Michael ya bar ta a ƙasa, kusa da masu karɓar baƙi, inda hayaniyar mutane ba ta yankewa.