Lallen 'Yar Moriki

Shekara ashirin da shida ina aikin jinya a Zurmi, kuma kowa ya san Sista Mero da baki. Ban taɓa raga wa namijin da ya kawo matarsa da kumburarren ido ya ce mini ƙyaure ne ya buge ta ba. Ƙyauren garinmu ya sha ƙazafi a bakin maza, haka ma bakin rijiya da turmi. Da na ji an fara wannan zance sai in tura maigidan sayen sabulu ko wani abin da ba na buƙata, in ja labule, in zauna da matar mu biyu.

Akwai abin da na gano da kaina, wanda ba a koya mana a makaranta ba, kuma ina alfahari da shi har ya yi yawa. Mace in ta sha baƙin lalle har gwiwar hannu, alhali ba salla ba ce, ba biki, ba a yi haihuwa a danginsu ba, to a duba ƙarƙashin zanen. Sau da yawa shatin duka ne aka bi da fure aka rufe. Duk yarinyar da ta yi aiki a hannuna ta ji wannan karatu har ta gaji.

Saboda haka ne aka tura ni Shinkafi kwana biyu in yi wa sababbin ma'aikatan jinya bita a kan kula da matan da aka ci zarafinsu. Ranar Alhamis ce, ranar kasuwa, gari ya cika maƙil. Tun da safe nake zuba musu bayani: kada a tambayi mace a gaban wanda ya kawo ta, kada a taɓa jikinta sai an nemi izininta, a rubuta abin da ido ya gani ba abin da miji ya faɗa ba. Na kawo zancen lalle, suka yi ta rubutawa, ni kuwa kaina sai ƙara girma yake.

Wajen azahar Ladidi ta leƙo. Ita ma ni na koya mata aiki a Zurmi kafin a mayar da ita can.

"Sista, taho ki gani. Abin da kike hwaɗi ne sak. Lalle har gwiwa, ga ciki wata biyar. Mijin ya ce kabu-kabu ne ya kada ta."

"Ina mijin?"

"Ya tahi tasha, direba ne. Ya ce in ya yi lodi shi dawo shi ɗauke ta."

Na tashi ina gyara ɗankwali, ina faɗa tun daga baranda. Na ce wane irin mara imani ne wannan, ko shi ba mace ta haife shi ba? Na ce uwar da ta yi renonsa ma tana da alhaki. Da ƙarfi na faɗa, don 'yan bita su ji. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Matar tana zaune a bakin gado ta juya wa ƙofa baya, hijabi ya rufe ta, hannun hagu a kan cinya ya kumbura. Ban ga fuska ba, zanen da ta ɗaura na fara gani. Atamfa ce mai ruwan ganye da tambarin tulu, ni na saya a kasuwar Zurmi, ni na aika da ita Ƙaura. Ta ji muryata tun daga waje, shi ya sa ta dunƙule wuri guda.

Salima ce, matar ɗana.

Dole in yi bayanin yadda muke da yaron nan. Shi ne ɗan farina. Ina da shekara goma sha bakwai na haife shi, kuma kamar yadda aka saba a gidanmu, da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi. Ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, ban taɓa yi masa wasa ba, sunansa kuwa bai taɓa fita daga bakina ba tun ranar da aka raɗa masa. Dogo nake cewa, kamar yadda 'yan tasha ke kiransa, ko in ce "yaron nan na wajen Hajiya". Da ya yi aure kunyar ta shafi matarsa. Ba na kallon ta ido cikin ido, ba na zama ɗakinta, sunanta ma 'yar Moriki a wurina, da sunan garinsu. In na je Ƙaura Namoda nakan tsaya a tsakar gida, ta durƙusa ta gaishe ni, in amsa ina kallon bango, in sha ruwa in wuce. Mata suna yaba mini, wai na yi boko amma ban zubar da kunya ba.

To amma hannu ai shi ke miƙo kofin ruwa. Na ga lallen nan. Na gan shi a watan da babu salla, na sake ganin sa bayan wata biyu. Abin da na yi shi ne na ce wa ƙanwata, ai 'yar Moriki akwai son kwalliya, har na sayi garin lalle mai kyau na aika mata.

Ladidi ba ta san komai ba, sai aikinta take yi yadda na koya mata. Ta ce, "'Yar uwa, wagga ita ce babbarmu. Kin yarda ta duba ki?"

Salima ta ɗaga kai kaɗan alamar ta yarda. Na wanke hannu, na daɗe ina wankewa. Sannan na durƙusa a gabanta, ni da ita ke durƙusa wa, na kama hannun a hankali. Wuyan hannun ya goce, da ganin sa sai an yi hoto. Na bi zanen lallen da yatsa. A ƙarƙashin kowane reshe akwai tudun shati, wani sabo, wani ya warke ya yi tauri. Wanda ya zana ya iya, ya bi kowane layi bai bar ko ɗaya a fili ba. A bayanta babu lalle, don ba mai gani, a nan ne na ga abin sosai. Na san shatin fambel ɗin mota in na gan shi.

Na sa ƙahon awo a cikinta. Zuciyar ɗan tana bugawa da sauri, lafiya lau. Na ce alhamdu lillahi a fili. Muka ɗaure hannun da katako da bandeji, muka wanke inda ya fashe, Ladidi ta ba ta maganin zafi irin wanda mai ciki ke iya sha.

Sai tambayar da nake cewa kada a taɓa tsallake ta. Ladidi ce ta yi ta, ba ni ba.

"Mi kike so a yi miki? Ina kike son zuwa in kin hita nan?"

"Moriki," in ji Salima, da ƙyar ake ji. "Wurin Baba. Amma sau biyu ina zuwa shina maido ni. Cewa yakai ƙarya nike, gidan da munka kai ki ba a bugun mace. Sai in da takardar asibiti zai yarda."

Gidan da aka kai ta, wato gidana. Sunana ne ya mayar da ita sau biyu. Malam Ado mahaifinta ya taɓa kawo ƙanwarsa wurina a Zurmi, ya ga yadda na wanke mijinta tas, tun daga nan yake ganin 'yarsa ta faɗa hannu nagari.

Ladidi ta jawo takardar shaida. Ta cika sunan mara lafiya, ta zana wuraren rauni a jikin hoton mutum da ke bayan takardar. Ta zo layin da ake rubuta wanda mara lafiya ta ce ya yi mata. In babu suna a wannan layi, takardar ba ta da wani amfani a gaban uba ko alƙali, kowa na iya cewa kabu-kabu ne.

"Mi as sunan mijinki?"

Salima ta sunkuyar da kai har haɓarta na taɓa ƙirji. Mace irinta ko a bayan ido ba ta kama sunan miji, balle a gaban uwarsa.

"Ki hwaɗi, ba mai jin mu. Na katin nan sunan babanki ne yab ba da, nashi babu."

Na ga hawaye na ɗiga a kan atamfar. Ta saci kallona sau ɗaya, kuma ba tsoro na gani a idonta ba, tausayina take ji. Ita da aka karya wa hannu, ni take rufa wa asiri.

Ba zan ɓoye ba, Shaiɗan ya zo mini a lokacin. Ya ce ki karɓi takardar ki ce za ki ƙarasa, ki kai yarinyar Zurmi ki yi jinyarta a ɗakinki, ki kira yaron ki yi masa faɗa a ɓoye, ba wanda zai ji. Har na miƙa hannu zan karɓa. Sai na tuna sau nawa wata uwar miji ta tsaya a gabana tana wannan roƙon, da abin da nake gaya mata, da waɗanda aka dawo da su bayan wata uku a kan tabarma.

Na janye hannuna. 

"Rubuta Saminu," na ce. "Saminu Namadi, direba, tashar Ƙaura."

Ladidi ta ɗago da mamaki. "Kin san shi, Sista?"

"Ni na haihe shi."

Biro ya tsaya a hannunta. Na ga ta tuna abin da na faɗa a baranda, na ga tana ƙoƙarin kada in ga ta tuna. Na ce ta rubuta. Ta rubuta, ta sa hannu, ni ma na sa nawa a ƙasa a matsayin shaida, da cikakken sunana yadda Malam Ado zai gane. Salima ta rufe fuska da hannun mai lafiya tana kuka, ni kuma na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Salima, ki gahwarce ni. Na gani, na kau da kai." Ita ma ranar na fara kiran sunanta.

Aka samo motar da za ta bi ta Moriki, na ce ni zan raka ta har zauren ubanta in miƙa takardar da hannuna. Muna cikin naɗe kayanta Ladidi ta leƙa taga ta ce ga shi can ya dawo.

Na fita. Yana tsaye a gindin dalbejiya ya ba ni baya, makullin mota a yatsa yana juyawa, yana raha da mai gadi. Dogo ne kamar mahaifinsa, ƙeyarsa ma iri ɗaya. Baranda cike da mutane, har da 'yan bitata.

"Saminu!"

Ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu, yana neman mai kiran. Idonsa ya bi ta kaina ya wuce, don shekara talatin da ɗaya bai taɓa jin sunan nan da muryata ba. Sai da na sake kira sannan ya tsaya a kaina, makullin ya daina juyawa.

"Inna?"

"Koma tasha," na ce. "Salima ba ta shiga motarka."