Barimar Hancin Valli

Tun damanar bara hannun Sundaramurthi ya fara rawa, kuma Kamatchi kaɗai ta sani. 'Yarsa ce, ita ke ganin yadda kofi ke zubewa a gabansa da safe. A garin Swamimalai ba wanda bai san shi da ƙera gumakan tagulla ba, amma wata goma ke nan ita ke murza kakin zuma ta fitar da siffa, ta lulluɓe da yumɓun kogin Kaveri, ta goge da magagari bayan an zuba ƙarfe. Shi yana zaune a bakin ƙofa yana amsa gaisuwa.

Aiki ɗaya ne ba a barin mace ta yi, wato buɗe ido. Kafin a huda idon, tagulla ce kawai. Da zarar an huda, ubangijin ya shiga.

Rukmani, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa, ta ce a ƙera mata gunkin abin bautarsu Krishna yana jariri mai rarrafe, wanda za ta ajiye a ɗakin bautarta. Ranar narka ƙarfe ta kwance bakin zanenta, ta jefa barimar hanci ta zinariya a tukunya, kamar yadda ake yi. Ta Valli ce, 'yarta da zazzaɓi ya ɗauke tana shekara tara. Ba ta da wani abu nata da ya rage.

Gunkin ya fito sumul. Ranar buɗe ido Rukmani ta zo da kwakwa da furanni da madara, tana tsokanar tsohon.

"Yaya, wannan kumatun ai ya fi naka kyau. Anya kai ka yi shi?"

Ya yi dariya, ya ce tsufa ne ya sa hannunsa laushi. Kamatchi ta duƙa kusa da shi, ta raɗa masa cewa a aika a kira ɗan ƙaninsa ya buɗe idon. Bai ko dube ta ba. Ta so ta faɗa da ƙarfi, sai ta hango kunyar da zai sha a gaban baƙuwa, ta haɗiye.

Ya ɗauki allurar zinariya. Idon dama ya buɗe lafiya. A na hagu allurar ta goce, ta tsaga fatar ido har kunci.

Kowa ya san hukuncin. Gunki mai aibi ba ya zama a gida. Da ba a buɗe ido ba, sai a mayar da shi wuta a sake zubawa, amma mai ido ɗaya ya riga ya gani, ba a narka shi. Kogi za a kai shi.

"Appa," in ji Kamatchi ga mahaifinta, "bari in goge. Ba wanda zai gane."

"Shi zai gane," ya ce, yana kallon gunkin.

Rukmani ba ta yi kuka ba. Ta zuba masa madarar, ta share kuncin da bakin zanenta, ta rungume shi. Kamatchi ta raka ta har Kaveri. Matar ta shiga ruwa zuwa ƙugu, ta daɗe a tsaye kafin ta sake shi.

A hanyar dawowa Rukmani ta tambaya, ba tare da ta juyo ba, ko Kamatchi ta san da rawar hannun mahaifinta.

Kamatchi ta ce ta sani.

Rukmani ta tsallaka ɗaya gefen titi, zanenta na ɗiga.