Zango Saba'in Daga Jidda Zuwa Karaci

Ranar da wasiƙar Buraima ta iso Gure, Lauratu ta yi kuskuren da har yau take cizon yatsa a kansa: ta kai mahaifiyarta wurin mai taswira.

Tun shekarar da fari ya cinye musu garke, ƙanenta Buraima ya bi alhazai ya zauna Jidda. Yanzu, a bazarar 1975, ya rubuto cewa ya samu gurbin karatu a Karaci, ranar Alhamis ta ƙarshen wata zai hau jirgin sama. Inna Mariyama na jin haka ta yi bakance: za ta yi azumi kullum har ɗanta ya sauka lafiya. Saura kawai a san kwana nawa ne.

Malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake kira Mushe Aisami, ya shimfiɗa taswira, ya aza zare daga Jidda zuwa Karaci, ya gwada.

"Kilomita dubu biyu da ɗari takwas da ɗoriya. Awa huɗu ne a jirgi, Inna."

"Raƙumi fa, nawa yake ci a yini?"

Da ya yi shiru da an huta. Amma malami ne, ba ya ganin tambaya ya ƙyale.

"Kamar arba'in."

Tsohuwa ta tsuguna, ta yi ta ɗiga yatsa a rairayi yadda marigayi mijinta yake lissafin hanyar ayarin raƙuma zuwa Bilma. Ta ɗago ta ce, "Zango saba'in."

"Inna, awa huɗu aka ce miki," in ji Lauratu. "Daga hantsi zuwa azahar."

"Daga hantsi zuwa azahar ko nan Kelle ba na kaiwa."

Da Alhamis ɗin ta zo, Inna ta fara azumi, a zafin da akuya ma ba ta barin inuwa. Mace mai shekara sittin da wani abu, ga ciwon ƙafa. Lauratu ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ɗauko liman ya ce bakancen ya cika tun ranar farko. Inna ta gaishe shi da ladabi, ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa Karaci. Bai taɓa ba.

A kwana na ashirin da uku ta faɗi a bakin rijiyar lambu. Takaici ya ishi Lauratu har ta zauna ta yi kuka, tsoro kuma ya kama ta, don zanen tsohuwar ya fara zagaye ta sau biyu. Kullum sai ta leƙa gidan waya, har mai rabon wasiƙu ya riƙa girgiza mata kai tun daga nesa.

Ranar kwana arba'in wasiƙa ta zo. Lauratu ta janyo Mushe Aisami har gida, ya karanta da ƙarfi: Buraima ya sauka lafiya, a ranar da ya tashi, kafin la'asar.

"Kin ji ko, Inna? Ga fura, sha."

Inna ta karɓi takardar, ta auna ta a tafin hannu.

"Yaushe ya rubuta ta?"

"Ranar da ya sauka," in ji malamin. "Ta yi kwana arba'in a hanya."

"A me ta zo?"

"A jirgi."

"To kun ji. Takarda ke nan, da ba ta da nauyin komai, jirgin ya yi kwana arba'in da ita. Balle mutum da kayansa. Yaron nan ya rubuta ne don kada hankalina ya tashi."

Ta ture ƙwaryar furar gefe.

"Rufe ta, Lauratu. Saura talatin."